Kunyar da Ta Kai Yayanki Beljik

Ganu, Paraku

Nafisatu 'yata,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ki, ina roƙon Ubangiji Ya tsare ki a hanyar Kwatano, Ya tsare ki a cikin jirgi, Ya sauke ki lafiya a hannun mutanen kirki. Babanki ma yana gaishe ki, ko da yake yana can shago yana ta kwance injin babur kamar ba 'yarsa ce za ta tafi ba.

Kin san hannuna. Da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau layina ba ya miƙewa, sai ki yi haƙuri ki bi shi a hankali. Na zaɓi in rubuta ne domin idan kina gabana ba abin da ke fita daga bakina sai "kin ci abinci?" da "ina rigar sanyin?" Maganar da ta dame ni kuwa sai in kasa faɗinta.

Ga ta nan. Yayanki ne zai tare ki a filin jirgi a Beljik, a gidansa za ki zauna har ki sami ɗaki kusa da makarantar aikin jinya. Ya yarda da wannan, Allah Ya saka masa. Amma ya kafa miki sharaɗi, ke da kanki kika karanta mini a waya: kada ki kawo masa maganata. Ba saƙo, ba gaisuwa. Ke ce mutum na farko daga gidan nan da za ki kwana ƙarƙashin rufinsa, kuma ina jin idan ƙofar nan ta rufe a kanki, ba za ta sake buɗewa ga kowa ba. Shi ya sa nake so ki san yadda abin ya faru daga bakina. Kin ji shi guntu-guntu a wurin mata, kowacce da irin gishirin da take sa masa.

Zan riƙa ce masa Toma, sunan da Turawa suka sa masa. Wannan ina iya faɗa, ba ni na ji an raɗa shi ba. Na ranar suna kin san ban taɓa furta shi ba. Ɗan fari ne.

A Jugu na yi auren fari. Mijina yana sayen doya a ƙauyuka yana lodin ta zuwa kudu, ni na so shi, ba wanda ya tilasta ni. Ina da tsohon ciki motarsu ta kife a hanyar Kolokonde da damina, ya rasu. Takabata ranar da na haihu ta ƙare. Ban gama wankan jego ba nonona ya kumbura ya yi ƙurji, zazzaɓi ya kwantar da ni, ruwan ya ƙafe. Yaro yana kuka har muryarsa ta dushe. Uwar mijina, wadda ita ce a al'ada za ta ɗauke shi bayan yaye, ta tsufa, idonta ya tafi. Sai wan mijina, Alhaji Bawa, ya ji labarin wani gidan renon jarirai na wata ƙungiya a nan Paraku, inda ake ba marayu madarar gwangwani. Aka kai shi can da niyyar in na warke a dawo da shi. Wannan ba kuskure ba ne, da ba a kai shi ba da ya mutu. Kuskuren daga baya ya fara, kuma nawa ne.

Da na sami sauƙi, na riƙa shiga mota daga Jugu ina zuwa duba shi. Ba ni kaɗai ba, tare da Gwaggo Lami, ƙanwar babana da ta rene ni a Partago. Kin san Gwaggo da tsufanta, to da ƙuruciyarta ta fi haka baki. Ɗakin jariran dogo ne, gadaje a jere, ma'aikata suna kai da kawo. Da mun shiga sai Gwaggo ta nufi gadonsa ta ɗauke shi tana yi masa kirari, ni kuwa in ɗauki ɗan da ke gado na kusa, ɗan mutanen da ban sani ba, in yi ta jijjiga shi ina satar kallon nawa ta gefen gyale. Haka aka koya mana. Mace ba ta rungumar ɗan farinta a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, in an yabe shi ta kau da kai. Gwaggo har alfahari take yi da ni a gaban ma'aikatan.

"Kun ga 'yar mutunci? Ko kallo bai ishe ta ba. Ni na rene ta, ba irin 'yan yanzu ba masu lashe ɗa kamar akuya."

Su ba su jin Hausa sosai, sai su yi murmushi. Ashe suna lura, suna kai wa shugabarsu rahoto.

Wata rana Gwaggo ta fita alwala, ɗakin ya zama ba babba sai ni. Na ajiye ɗan mutane na ɗauki nawa. Nafisa, ban san yana da nauyi haka ba. Na sa hancina a tsakar kansa, ya kama sarƙar wuyana ya riƙe. Sai na ji takun takalmi. Na yi sauri na mayar da shi gado kamar na ɗauki abin sata, na ɓamɓare yatsunsa daga sarƙar, ya tsandara kuka, na juya baya na nufi taga. Wadda ta shigo Madam Odil ce, mai kula da sha'anin iyalan yaran, mutuniyar kudu. Abin da ta gani ke nan: ɗa yana kuka, uwa tana kallon waje.

Ki riƙe wannan. Inda za ki, ba wanda zai karanta zuciyarki ta gefen gyale. Abin da kika nuna shi ne ke. In kina son abu, ki bari a gani. In an yi miki alheri ki buɗe baki ki gode, in an cuce ki ki ce an cuce ki. Kawaicin da ake yaba miki a Ganu, can za a rubuta shi da wani suna, kuma ba za a tambaye ki kafin a rubuta ba.

Bayan wasu watanni Madam Odil ta zo Jugu da kanta, da tafinta, wani Imoru, ɗan garinmu ne, unguwarsu na bayan tamu. Aka zauna a zauren Alhaji. Akwai shi, akwai ƙannensa, aka kamo hannun tsohuwa aka zaunar da ita, ni da Gwaggo muna can bakin ƙofa a kan tabarma. Madam ta ce akwai wani mutum da matarsa a Beljik, ba su da haihuwa, ƙungiya ta bincike su, suna son yaro. Ta ce in an ba su, ya zama nasu har abada, zai ɗauki sunansu, ba zai dawo ba. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta faɗa, Imoru kuma ya juya mana da Hausa, ya maimaita da yaren Dendi.

Alhaji ya yi dariya ya gyara hula.

"Madam, kowane mai riƙo haka yake cewa. Kakanninmu sun yi Gwanja da ƙafa suna fataucin goro, sun bar 'ya'ya a zango-zango a hannun mutane, wanne ne bai dawo ba? Su riƙe shi, su sa shi lakwal ya yi boko. Ranar da ya yi gemu da kansa zai nemo ƙofar nan."

Ƙannensa suka ce gaskiya ne. Tsohuwa ta ce Allah Ya sa albarka. Sai Madam ta juya, ta bar mazan, ta dube ni.

"Ke ce uwarsa. Kina so ya zauna a wurinki?"

A gaban wan mijina. A gaban uwar mijina. A ce in buɗe baki in ce ina son ɗan farina. Gwaggo ta sa farce ta mintsine ni a cinya. Na ce, "Na su Alhaji ne. Abin da suka yanke."

Madam ba ta gamsu ba. Ta ce mu shiga ɗaki, ni da ita da tafinta kawai. Gwaggo ta tafa hannu.

"Oh ni Lami! Madam so take ta koya wa 'yarmu rashin kunya. Me za ta faɗa a ɗaki da ba za ta faɗa a gaban iyayenta ba?"

Aka yi dariya. Na ja gyale na rufe fuska, ban tashi ba. Madam ta jira, ta jira, sannan ta rufe jakarta.

Imoru nake jin haushi har gobe, Allah Ya yafe mini. Uwarsa ma ba ta kiran sunan wansa. Ya san abin da rufe fuskar nan yake nufi, ya san ma'anar mintsinin, yana kallo. Da ya ce, "Madam, a nan mace ba ta iya amsa wannan a gaban surukai, ki dawo gobe ki same ta a bakin rijiya," da shi ke nan. Bai ce ba. Aikinsa ya juya magana, ya juya, ya karɓi goronsa ya shiga mota. Amma in na gama jin haushinsa sai in tuna ni aka tambaya. Sau biyu.

Don haka, 'yata, duk ranar da wani ya ce miki, "zo mu yi magana mu biyu," a kan abin da ya shafi rayuwarki, ki tashi ki bi shi ko duk dangi na kallo. Za su yi surutu kwana biyu su manta. Waɗanda suka yabe ni ranar nan duk sun koma gidajensu sun ci tuwo da 'ya'yansu. Ba wanda ya zo ya taya ni kwana da abin.

Mutane suna cewa rashin karatu ne ya cuce ni, wai na dangwala yatsa a kotu a kan abin da ban sani ba. Ni ma na daɗe ina faɗin haka, don ya fi daɗin faɗa, har shi ya kai ni ajin karatu da girmana. Ba gaskiya ba ne. An karanta mini, na ji. Abin da ya rufe mini ido shi ne ni kaina 'yar riƙo ce. An kai ni Partago ina tatata, na girma a hannun Gwaggo, amma kowace sallah ana kawo ni Jugu, na san ɗakin uwata, da aurena ya zo a gidan ubana aka ɗaura. Da suka ce "har abada" sai na auna shi da mudun da na sani. Ban taɓa ganin riƙon da ba shi da ranar dawowa ba, sai na ɗauka babu shi a duniya. Ke za ki shiga ƙasar da abubuwa da yawa za su yi miki kama da na gida. Kada ki yarda da kama. Ki tambaya: ƙarshen wannan abin ina ne? Wa ke da iko a kansa bayan na amince? In na canza ra'ayi, akwai hanyar komawa? Ki tambaya ko za a ce kin cika ƙauyanci.

Da lokacin tafiyarsa ya yi, ƙungiya ta aiko cewa Turawan sun iso Paraku, in ina so in zo in yi sallama da shi. Gwaggo ta ce, "Wace uwa ce ke rakiyar ɗan fari? Ki zauna, ni zan je." Na ba ta sabulun salo da zanen goyo na saƙi ta kai. Na wuni ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa. Da ta dawo ta ce matar ta yi ta kuka don murna, ta ce mijin dogo ne kamar sandar wuta, ta ce an ba su lemo mai sanyi. Ban tambaye ta ko yaron ya yi kuka ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Sauran kin sani. Na auri babanki, muka dawo Ganu, na kama sayar da wagashi, cukun Fulani, da yaji a kasuwa, aka haifi yayyenki mata, aka haife ki. Alhaji Bawa ya rasu yana cewa "yaronmu na Turai zai dawo da mota." Ya mutu da gaskiyarsa a bakinsa, bai taɓa jin ya yi laifi ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Ni ma ban gaya masa ba. Na je gaisuwar mutuwarsa na yi kuka kamar kowa.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai, wanda kika gani da idonki, kina shekarar ƙarshe a lise, wato sakandare. Toma ya girma, ya nemi asalinsa ta hannun ƙungiyar, aka same mu. Ya zo Paraku shi da matar da ta rene shi, Madam Anik, mijin ya riga ya rasu. Tun da aka sa rana na daina barci. Na yi wa kaina alkawari. Na ce wannan karon zan dube shi, zan kama hannunsa, kowa ya ce abin da zai ce.

Amma kin ga yadda gidan ya cika. Dangin Jugu sun yi mota guda, matan unguwa sun hau katanga, 'yan zemijan, masu acaba, sun kashe babura a ƙofar gida suna leƙe. Gwaggo tana kan kujera a tsakiya da carbinta. Ya shigo. Tafiyar ubansa, Nafisa, har yadda yake ɗan karkata kafaɗar hagu. Kika nuna masa ni. Ya buɗe hannuwa biyu ya nufo ni.

Sai na ji muryar Gwaggo: "To, bari mu ga ko tsufa ya cire wa Habsatu kunya."

Mata suka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba, wasa ne irin na kullum. Ƙafafuna suka yi abin da suka saba. Na kauce, na durƙusa na gaida Madam Anik, na ce sannunku da hanya, na wuce madafa. Na bar shi a tsakar gida da hannuwa a buɗe.

Na daka masa sakwara da hannuna, ban bar kowa ya taɓa taɓaryar ba. Na yi miyar da ubansa yake so, na zaɓo masa wagashi mafi laushi na soya. A wurina duk wannan magana ce. Ina jin maƙwabciyarmu tana kira, "Habsatu, fito mana, ɗanki bai iya cin sakwara ba, da cokali yake yanka ta!" Ina bakin tagar madafa ina kallo. Ina kallon Madam Anik tana goge masa gumi da hankici, tana gyara masa wuyan riga, tana Toma kaza, Toma kaza, a gaban kowa, ba ta ko sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kishin wata mace ba kamar ranar.

Ke kika yi tafinta. Na ji ya tambaye ki abu, na ji kin daɗe kina bayani. Da dare ya yi na matsa miki kika faɗa mini. Ya ce, "Me ya sa ba ta kallona?" Kika ce al'ada ce, uwa ba ta kallon ɗan fari, alamar girmamawa ce. Ya ce, "Ke tana kallonki?" Kika ce e. Ya ce, "Tana kiran sunanki?" Kika ce e. Ya ce, "To na gane." Kin yi iyakar ƙoƙarinki, ban taɓa ganin laifinki ba. Ba bayanin da zai shiga kunnen mutumin da ya ƙetare teku aka bar shi tsaye.

Abin da ba ki gani ba, Madam Anik ta same ni a madafa. Ta tsuguna cikin hayaƙi, idonta na ruwa, ta kama hannuna mai danƙon doya, ta ce mersi, mersi, ta ƙara da wata magana. Ɗan Faransancin kasuwa da nake ji ya ishe ni in gane: tana gode mini da kyautar da na yi mata. Kyauta. Na so in ce mata ban ba ki ba, shiru na yi aka ɗauka. Na so in tambaye ta ranar da ya fara tafiya, da ciwon da ya yi yana ƙarami, da ko zanen goyon ya isa can. Na ce, "Ba komai, Madam." Matar kirki ce, shi ne abin haushin. Da muguwa ce da na sami inda zan ajiye abin da ke cikina.

Sun ce za su yi mako. Washegari suka koma Kwatano. Tun daga ranar ke kaɗai yake rubuta wa.

Ga abin da nake so ki yi a gidansa. Ki gaida Madam Anik kamar yadda za ki gaida ni, ki ɗaukar mata kaya, in ta yi magana ki saurara. Ita ta yi jinyarsa, ita ta san abin da yake tsoro. Kada ki taɓa cewa "uwarka ta gaskiya" a gabanta ko a bayanta. Kada ki kira shi da sunan gida sai in shi ya nema. Ki yi sallarki a ɗakinki, ki ci abin da ya halatta ki bar wanda bai halatta ba, ba tare da yatsina fuska ba, kuma kada ki zama malama a kansa. Ba shi ya zaɓi inda aka kai shi ba. Matarsa in ta ba ki aiki ki yi, in ba ta ba ki ba ki nema, kada ki zauna kamar baƙuwar otal. 'Ya'yan Alhaji Bawa za su fara kiranki tun ba ki kwance jaka ba, wannan yana son biza, wancan yana son waya, su ce ai ɗan'uwansu ne. Ko ɗaya kada ki isar. Ki ce Inna ta hana. Su zo su same ni, yanzu ina da bakin da zan amsa musu.

Ki sa safa biyu in sanyi ya yi. Kada ki hau motar wanda ba ki sani ba ko da ya yi miki Hausa. Fasfonki ya kwana inda kike kwana.

Sharaɗinsa kuwa ki cika masa. Kada ki kawo maganata, kada ki yi dabara ki ajiye hotona a inda zai gani. Ya sha isasshen abin da aka yanke a kansa ba da shi ba. Amma in wata rana shi da kansa ya tambaya, ko a tsaye ne, ko yana wanke kwano, kada ki sake kare ni da al'ada. Kin gwada, ba ta yi ba. Kada kuma ki ce an yaudare ni. Ki ce masa an tambaye ni, ina son sa, na ji tsoron dariyar mutane, na yi shiru. Ki ce na ɗauke shi sau ɗaya a gidan reno da ba kowa, ya riƙe sarƙata, ni na ɓamɓare hannunsa. Ki faɗa haka ɗin, kada ki gyara. In ya yi fushi, fushinsa a kan gaskiya ya tsaya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi yi mini wuya. Kin san ni, in kin je kasuwa kin daɗe sai na kira ki. To muddin kina gidansa ba zan kira ba. Ba na so wayarki ta yi ƙara a kan teburinsa, ya ji ina "Nafisatu, Nafisatu, kin ci abinci?" da muryar da bai taɓa samu ba. Ke ki riƙa kirana in kin fita, a hanyar makaranta ko a tashar bas. Na gaya wa babanki, ya ce ba zan iya ba. Zan iya.

Sai dai tun da na yanke wannan nake juya shi. Shi ma shiru ne. Duk abin da na lissafa miki a sama, lokacin da nake yin sa gani nake daidai ne, gani nake ladabi ne. Ban sani ba ko wannan ma irinsu ne. Ni daga nan ba na iya gani, ke za ki ga fuskarsa safe da yamma. In kin ga shirun nan ya fi masa sauƙi, ki bar shi. In kuwa kin ga yana kallon wayarki yana jira, to kada ki nemi izinina, kada ki yi mini gargaɗi. Ki buga mini yana zaune, ki buɗe murya yadda zai ji. Ko ina tsakiyar kasuwa, ko Gwaggo na gefena, zan ɗauka. Ban san abin da zan ce ba. Amma zan yi magana.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya ba ki abin da kika je nema, Ya kare ki daga sanyi da mugun abokin tafiya da kaɗaici. Allah Ya tsare gidan da za ki shiga da duk wanda ke cikinsa, babba da ƙarami, da wadda ta rene shi. Ya dawo mini da ke ina da rai.

Innarki,
Habsatu